Neman A-kori-kura Tsakanin Jibiya da Maraɗi

Ina kiwon kajin ƙwai a gonar da na gada daga mahaifinmu a hanyar Riko. Bayan kaji, ina sayen gyaɗa da wake a hannun manoma da kaka, in ajiye, in fitar idan kasuwa ta yi kyau. Gidanmu kuwa a cikin garin Jibiya yake. Tsakanin gida da gona da kasuwa rabin rayuwata a kan hanya take, kuma shekara da shekaru motar haya ce ke ɗaukar mini kaya.

Wata safiyar Lahadi na yi jinga da wani direban a-kori-kura ya kwaso mini ƙwai daga gona zuwa kasuwa. Na ce masa kayana kaɗai zai ɗauka, ya ce to. Na nanata, ya ce, "Haba Hajiya, sai ka ce da yaro kike magana." Na riga shi zuwa kasuwa na zauna jira. Bai iso ba sai da rana ta take. Da ya tsaya, sai ga raguna biyu a bayan motar, ga wani mutum zaune daram a kan kwalayena yana rungume da injin ban-ruwa. Ƙwai na ɗiga ta ƙarƙashin bodi, ƙudaje har sun samu labari.

Na ce, "Mi ke nan?"

"A hanya na tarad da su, Hajiya. Bayin Allah ne, ba su da abin hawa."

"Ƙwaina hwa?"

Ya leƙa bayan motar, ya taɓe baki. "Ai ba duka suka hwashe ba."

A wurin nan, ina tsaye ina tsince masu rai daga cikin matattu, na yanke cewa na gama da motar haya.

Tuƙi ba baƙona ba ne. Tun da idon Malam, mijina, ya fara rauni bayan ya ajiye aikin koyarwa, ni ke jan ƙaramar motarsa, ni ke kai shi asibitin ido a Katsina. Sai dai motar cikinta a ƙasa yake. Yashin hanyar Riko na kama ta kamar ya san ta, kuma buhu ɗaya idan aka sa mata a but sai ta durƙusa. Na san abin da nake so sarai. A-kori-kura matsakaiciya, wadda ba ta kai babbar mota ba, ta kuma fi ƙananan nan da ke nishi da an ɗora musu kaya. Wadda za ta ɗauki abincin kaji da kwalayen ƙwai da buhunan gyaɗa, ta ratsa yashi, ta shiga lungunmu, in kuma iya zuwa biki ko gaisuwa da ita ba tare da na nemi tsani ba.

Bayan magariba na gaya wa Malam. Ya ce Allah ya sa alheri. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa tukuna.

Ya ce, "Wa zan gaya wa?"

Kafin a watse daga sallar asuba duk sahun gaba sun ji.

Ban gama shan koko ba sai ga sallamar Yaya. Shi ne babba a ɗakinmu. Ya yi shekaru yana jan gingimari tsakanin Jibiya da Maraɗi har can arewa, sai da ciwon baya ya zaunar da shi. A wurinsa duk motar da ba a hawanta da tsalle kayan wasan yara ce.

Ko zama bai yi ba ya ce, "Na ji za ki sayi mota ba ki neme ni ba."

"Jiya-jiyan nan na yi maganar, Yaya."

"Wace iri?"

Na yi masa bayani. Ya saurare ni yana girgiza ƙafa, irin sauraron wanda ke jiran ka yi shiru.

"Mai taya shida za ki saya," ya ce. "Ta ɗauki kayanki, ta ɗauki na mutane, ta ciyar da kanta."

"Ta ina za ta shiga lungun nan?"

"A ajiye ta tasha."

"Wa zai tuƙa?"

Ya dafa ƙirjinsa. Sai a lokacin na gane inda aka dosa. Na ce masa ni zan tuƙa motata, ba haya zan buɗe ba. Ya ce mu je dai mu gani, ido ne zai raba gardama.

Kafin mako ya zagayo motar da ban saya ba ta cika da aiki. Maƙwabciyata ta shigo ta ce bikin ɗiyarta na nan bayan sallah, ta gode Allah da ya kawo mai kai kayan ɗaki. Wani ɗan uwan Malam ya ce yana da taki da zai kai gona. Wata tsohuwa da ban taɓa shiga gidanta ba ta tare ni a hanya ta ce in tuna da itacenta. Ɗiyata ta ƙarshe, wadda ke karatu a Katsina, ta dinga turo mini hotuna a waya, motoci masu ƙofa huɗu suna sheƙi kamar an lashe su, kowane hoto da saƙonsa: "Mama, wannan ce ajinki." Malam shi ma, da na ɗauka ba ruwansa, ya ce in dai za a saya a sayi mai gida biyu, saboda yana son ya riƙa miƙe ƙafa a baya. Kowa ya zaɓi motarsa, ni ce kawai zan biya.

Muka fara da Katsina. Ni ke tuƙi, Yaya na gefena yana gaya mini inda zan sa giya da inda zan taka birki a hanyar da nake bi kusan kowane mako. Malam na baya, kusa da shi wani bakanike daga Magama da Yaya ya ɗauko, ya ce ba a sayen mota sai da shi.

A wurin masu sayar da motoci aka tarbi Yaya da hannu biyu. Aka kawo masa kujera, aka kawo wa Malam, aka kawo wa bakanike. Ni na tsaya a rana da jakata.

Mai wurin ya ce, "Alhaji, wace iri kake so?"

Na ce, "Ni ce mai saye."

Ya kalle ni ya yi murmushi mai kyau. "Madalla, Hajiya." Ya juya ga Yaya. "Alhaji, akwai wata otomatik, ko Hajiya ma za ta iya ɗan taɓawa."

Na wuce su na fara zagaya motocin da kaina, ina leƙa ƙarƙashi, ina auna bayan kowace da taku. Akwai wata fara mai ƙofa huɗu, gilashinta baƙi, irin ta hotunan ɗiyata. Na shiga na zauna, aka kunna sanyi, ba zan ɓoye ba raina ya biya. Amma da na fito na duba bayanta, sai na ga gidan baya ya cinye wurin kaya. Abin da ya rage bai fi tabarmar salla ba. Ga wani abu kuma. Farar mota mai baƙin gilashi a hanyar ƙauyukanmu, a wannan zamani da kowa ke tafiya yana waiwaye, ba abin da za ta jawo mini sai ido. Wanda ya hango ta daga nesa zai ɗauka ta hukuma ce ko ta wani babban mutum, ba zai ce mai ƙwai ce ba.

Na faɗi haka. Yaya ya ce ai wannan shi ne amfaninta, za a riƙa ba ni hanya. Malam kuwa ya riga ya shige gidan baya ya miƙe ƙafa ya lumshe ido, sai da na ƙwanƙwasa gilashi ya fito.

Shi bakanike aikinsa ɗaya. A buɗe masa gaban mota, ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa wani ƙarfe da sifana, ya girgiza kai. Wannan an taɓa buɗe injinta. Waccan ta taɓa faɗuwa an yi mata fenti. Ta can ta sha ruwan teku. Har wadda na ga ta yi kusa da abin da nake so, shuɗiya mai giyar hannu, ya ce hayaƙinta bai yi masa ba.

Na ce, "To wace ce mai lahiya a cikinsu?"

"Hajiya, mota mai lahiya tana can inda aka ƙera ta."

Muka dawo Jibiya da ƙunshin kilishi da ciwon kai.

Bayan 'yan kwanaki Yaya ya ce dama ɓata lokaci muka yi, mota a Maraɗi take, kuma yana da mutum a can. Na yi jinkiri saboda maganar takardu, don shigo da mota ta kan iyaka ba ƙaramin aiki ba ne. Ya ce in bar masa wannan, ya san kan abin tun ina goye. Malam ya ce shi ba zai iya sauka da hawa a shingaye ba, ya zauna gida. Bakanike ma na ce a bar shi ya huta.

Muka je Magama muka shiga motar haya. Wanda ya saba hanyar ya san yadda take: a tsaya, a sauka, a nuna takarda, a koma, a ɗan taɓa tafiya, a sake tsayawa. Yaya ya san kowa. A kowane shinge sai ya tsaya gaisawa, ya tambayi iyali, ya ba da labarin zamanin da yake wucewa da gingimari, fasinjoji suna ta tsaki ni ina sunkuyar da kai.

Mutumin nasa dillali ne, siriri mai tabarau, Hausarsa a cakuɗe da Faransanci. Abin da ya fara burge ni da shi, da Yaya ya ce ƙanwarsa ce mai saye, sai ya juyo gare ni ya ci gaba da magana da ni.

"Madam, mi kike ɗauka? Nawwa za ki loda? Hanyar taki rairai ta ko laka?"

Na gaya masa. Ya ce to ba babba nake buƙata ba, kamiyonet nake so, wato dai a-kori-kura a bakinsu. Ya tambaye ni mai shan esans nake so ko mai gazuwal, fetur ko gas ke nan. Ya kai mu wani fili ya nuna mini wata mai launin ƙasa. Gidanta ɗaya da rabi, akwai ɗan benci a bayan direba, wurin kaya kuma dogo. Tayoyinta huɗu duk suna ja idan an so. Ya miƙo mini makulli ba tare da ya kalli Yaya ba.

Na ja ta muka fita bayan gari wajen gulbi, inda yashi ya fi na hanyar Riko zurfi. Na shiga da ita da gangan. Ta ratsa ta fita ko tari ba ta yi ba. Na juya ta a wuri matsattse, ta juyu. Yaya na gefe yana cewa sitiyarinta ya yi sauƙi da yawa, mota ba nauyi ba mota ba ce. Zuciyata ta riga ta zauna.

Da muka dawo azahar ta yi. Dillalin ya sa aka kai ni gidansa nan kusa in yi salla. Matarsa ta karɓe ni kamar ta san ni, ta kawo fura mai sanyi, muka ɗan taɓa hira a kan tsadar abincin kaji, don ita ma tana kiwo. Kafin in fita na ce wa Yaya ya jira ni, kada ya yi maganar komai sai na dawo.

Da na dawo filin na tarar da su a gindin wata mai taya shida, ana tafawa ana cewa Allah ya sa albarka. Mai launin ƙasa kuwa ba ta wurin da na bar ta.

Na ce, "Ina motar?"

Dillalin ya cire tabarau. "Madam, ai Alhaji ya ce kun sake shawara, wagga babba kuke so. Akwai wani mutumen Madarunfa da ke jiran waccan tun sahe. Da Alhaji ya ce kun hwasa, na sallama mishi. Ya tahi da ita."

Na juya ga Yaya. Yana shafa ƙofar babbar motar kamar mai shafa doki.

"Yaya, mi na ce maka?"

"Ke dai tsaya ki gani. Wannan ko shekara..."

"Mi na ce maka kahin in tahi salla?"

"Gyara na yi miki. Waccan ba ta da ƙarhi, wata biyu za ki dawo kina kuka."

"Da kuɗin wa ka yi ciniki?"

"Haba, ni da ke har akwai kuɗin wa?"

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya a gaban mutane ba, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ranar ma ban ɗaga ba. Na ce wa dillalin ni ban sayi komai ba, wanda ya tafa da shi shi ne mai mota, su ƙarasa. Na gode masa, na ce ya gode mini wa matarsa. Na saɓa jakata na tari ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha. Yaya na kira, "Ke! Ke!" ban waiwaya ba.

Na iso gida la'asar sakaliya, ƙafafuna duk ƙura. Malam na zaune a tsakar gida da rediyonsa.

Ya ce, "Ina motar?"

"Tana Madarunfa."

"Ina Yaya?"

"Na baro shi ya tuƙo tasa."

Ya rage muryar rediyo, ya dube ni, ya ga ba ranar tambaya ba ce, ya mayar da muryar.

Yadda Yaya ya warware cinikin nan ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, ya daina shigowa gidanmu, ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana cewa na kunyata shi a ƙasar mutane. Wasu suka zo ba ni haƙuri, wasu suka zo yi mini faɗa, kuma kowannensu kafin ya tashi sai ya gaya mini irin motar da ta kamata in saya. Na ce na fasa. Na gaya wa maƙwabciyata ta nemi mai kai kayan ɗaki. Na ce wa ɗiyata idan ta ƙara turo mini hoton mota zan toshe lambarta. Damina ta sauka ina nan ina fama da masu haya, kullum da irin rigimar da za a yi.

Ana cikin haka aka aiko cewa Kawu ba shi da lafiya a Farfaru. Ƙanen mahaifiyarmu ne. Dangin mahaifiyarmu manoma ne na asali. Kakanmu a kan addinin gargajiya ya rasu, ita mahaifiyarmu ta musulunta ta yi aure a gari, Kawu da 'ya'yansa kuma suka shiga addinin Kirista. Wannan bai taɓa raba mu ba. Suna zuwa mana sallah, muna zuwa musu Kirsimeti, gero na zuwa daga can kowace kaka.

Na same shi da sauƙi, yana kwance a tabarma a inuwar rumbu. Babban ɗansa na nan, taubashina, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

Yana ganina ya ce, "A'a, 'yar birni! An ce kin je Maraɗi sayen mota kin dawo a ƙasa."

"Kai dai ko jaki ba ka taɓa saye ba."

"Jaki? Zo ki ga jakina."

Ya zagaya da ni bayan gida. A gindin tsamiya ga wata a-kori-kura koriya, fentin ya koɗe, ganye ya taru a kan gilashi, kaza na kwance a kan ƙwai a bayanta. Gida ɗaya da rabi. Wurin kaya dogo. Na san yana da mota, na sha ganinta ɗauke da dawa ko bencinan coci, amma ban taɓa kallonta da idon mai saye ba.

Ya ce ya mayar da iyalinsa Katsina, ya buɗe shago a can, sai ƙarshen mako yake leƙo tsoho. Motar zama kawai take yi, sayarwa zai yi.

Na ce, "Kana da wannan ka bar ni ina yawo ƙasa-ƙasa?"

"Ni? Tun ranar da na ji kina nema na aika wa Yaya. Ya ce motar ƙauye ce, ba ajinki ba ce, kada ma in tayar da maganar."

Na zauna a kan wani turmi da ke kife a wurin. Shi kuwa dariya yake har da riƙe ciki.

Aka ɗauke kazar da ƙwanta aka sa a kwando, tana ta masifa. Ya kawo batir daga ɗaki ya ɗaura. Ta yi tari sau biyu ta tashi. Na ce ba zan gwada ta fayau ba, a loda mata kaya. Dama akwai geron Kawu da za a kai Jibiya, aka jera buhunan har suka kusa kai bakin bodi. Na hau, taubashina ya zauna a gefena yana lissafa mini halayenta kamar mai ba da ɗiya aure yana tsoron a dawo da ita. Ƙofar fasinja ba ta buɗuwa ta waje. Rediyo ya mutu tun bara. Sanyi sai dai a sauke gilashi. Giya ta uku sai an lallashe ta. Fetur take sha, kuma ba ta da kunya wajen sha.

Hanyar ta yi laka a wasu wurare, ruwa ya yanke ta a wasu. Ta bi ta wuce. Ba ta kai ta Maraɗi laushi ba, wannan har yau idan na tuna sai na yi tsaki. Amma da kaya a bayanta ba ta durƙusa ba, ba ta yi nishi ba, da muka iso gari kuma na karya ta cikin lungunmu ta shige, da sauran wurin da mai tura ruwa zai raɓa. Takardunta na nan gida ne, cikakku, ba sai na bi wani shinge ina bayani ba.

Ciniki a gaban Kawu muka yi shi washegari, da muka koma Farfaru. Taubashina ya ce zai ƙara mini kuɗi saboda ni 'yar birni ce, na ce zan rage saboda kashin kaji. Kawu ya tsawata mana daga kwance ya ce mu yi abin da ya kawo mu. Muka daidaita ba da wani ja-in-ja ba. Tsohon ya ɗaga hannu ya yi addu'a irin tasu, na shafa tawa, aka ce amin gaba ɗaya.

Na kai ta wurin bakaniken nan na Magama. Ya buɗe gaba, ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa, ya fara girgiza kai.

Na ce, "Na riga na saya. Duk abin da ka gani gyara shi za ka yi."

Ya tsaya da girgizar. Ya ce to ai ba wani abu ba ne sosai, injin nata ma da sauransa.

Ɗiyata da ta ga hoton ta kira ni. "Mama, don Allah idan za ki zo makaranta ki zo da ta Baba." Malam ya gwada bencin baya sau ɗaya, gwiwoyinsa suka kai haɓa, ya fito ya dawo gaba ya zauna. Maƙwabciyata ta dawo da maganar kayan ɗaki kamar ba mu taɓa rufe ta ba, kuma ni na kai su.

Yaya ya ɗauki lokaci bai zo ba. Ran nan da hantsi ina loda dusa sai ga shi, hannu a baya. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Ya zagaya motar, ya shuri kowace taya, ya tsuguna da ƙyar ya leƙa ƙarƙashi.

"Ba laihi," ya ce. "Sai dai tana ja hagu. Daga tsayuwarta na gani."

"Ba ta ja ko'ina."

"Ba ni makulli in kai a daidaita miki ƙahwa. Yanzu zan dawo."

Na ce a'a. Malam ya kira ni gefe ya ce mutum ya sauko da kansa ya zo, kada in mayar da shi hannu rabbana, yayana ne. Ya yi ta magana har na gaji na miƙa makullin.

Sai bayan la'asar na ji ƙararta a lungu, da hon, da ihun mutane. Na fito. Yaya ya sauko yana washe baki, ya kama hannun mayafina ya zagaya da ni bayan motar. A jikin murfin baya, daga wannan gefe zuwa wancan, an rubuta da jan fenti da rawaya, da furanni a kowace kusurwa: ƘANWAR DIREBA.

Na ce, "Yaya, mi ye wannan?"

"Mota ba rubutu ai kamar gida ba ƙohwa ne. Ni na biya, kada ki damu."

"Ni ce direban!"

"To ai ban ce ba ke ba ce. Ni ma direba ne. Ƙarya aka rubuta?"

Malam ya matso da fuskarsa dab da murfin yana karantawa harafi-harafi, da ya kai ƙarshe ya juya ya shige gida kafaɗunsa na rawa.

Na je wurin mai fentin da kaina. Ya ce fentin mai ne, idan ya kankare sai an sake wa murfin gaba ɗaya, in kawo ta ta kwana biyu a wurinsa. Kaji ba sa jiran kwana biyu. Na ce sai bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, gyaɗa ta shigo, na ce sai an gama kwasa. Yanzu daga Magama har Riko ba mai kirana Hajiya mai ƙwai. Masu shinge da 'yan dako da matan da ke tare ni a hanya da tallan nono, duk da sun hango koriyar mota sai su ɗaga hannu su kira abin da ke rubuce. Ƙafar da aka ce za a daidaita kuwa ba a taɓa ta ba, na tambayi bakanike.